Haruffan da Injiniya Mahmuda Ya Sauya wa Mazauni

Garin Kaura Namoda ya ga manyan abubuwa. Ya ga ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa, ya ga tulin buhunan gyaɗa a bakin layin dogo, ya ga agogon tasha wanda a zamaninsa ba ya ƙara minti ba ya ragewa. Duk waɗannan share fage ne. Babban abin da aka tanadar wa garin shi ne Injiniya Mahmuda.

Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan Injiniya ba, domin makarantu ba su da hanzarin gane irinsa. Shi ya dubi kansa, ya ga ya cancanta, ya je wurin mai buga kati ya sa aka rubuta. Ya yi kwas ɗin kwamfuta a Gusau na mako shida, ya halarci huɗu daga ciki, ya bar sauran biyun ga masu ƙarancin fahimta. Ya dawo da satifiket mai ruwan zinariya a gefe, da baƙar jaka ta ratayawa, da igiya a wuya wadda filashi uku na adana bayanan kwamfuta ke lilo a jikinta. Biyu daga cikin filashin babu komai a cikinsu, amma suna ƙara wa na ukun kwarjini.

Ya kuma dawo da sabon harshe. Mutumin da aka haifa a Sakajiki, ya tashi yana cewa "mi kac ce", sai ga shi yana "me ka ce" kamar mai karanta labarai a rediyo, yana barbaɗa Turanci a kai yadda mai tsire ke barbaɗa yaji.

Iliminsa mai zurfi ne, amma saboda tausayin jama'a ya taƙaita shi cikin ƙa'ida guda. "Duk abin da kwamfuta ta tambaye ka," in ji shi, "kada ka tsaya karatu. Karatu na 'yan koyo ne. Ka danna gaba kawai." Ya faɗi wannan a shagon mai shayi, ya faɗa a wurin suna, ya faɗa har a zaman makoki. Direbobin tasha, da yake mutane ne masu girmama ilimi, suka raɗa masa Danna-Gaba. Ya ji, ya ɗauka sarauta ce.

Abu ɗaya ya rage wa wannan bawan Allah: kujera. Kujerar da ya hango kuwa tana ofishin Ƙungiyar Masu Dakon Hatsi ta Kaura, Shinkafi da Zurmi, ɗaki guda a gefen tashar mota, mai taga ɗaya da tebur ɗaya. Kujerar katako ce mai matashi, kuma akwai mutum a kanta. Malam Sha'aibu, tsohon akawun reluwe, ya shekara talatin da ɗaya yana buga wa ƙungiyar takardu da tafireta. Yana zuwa ƙarfe takwas saura kwata, ya rataye hularsa a ƙusa, ya goge tafiretar da ƙyalle, ya daidaita takarda da kabon. Idan ya fara bugu ba ya duban hannunsa; idonsa na kan rubutun da aka ba shi, yatsunsa goma na tafiya da kansu. Duk watan duniya ɗan abin da ƙungiya ke ba shi ne ke riƙe gidansa. A idon Injiniya, wannan dattijo shi ne abin da ya hana Zamfara ci gaba.

Sai ga dama ta samu. Tunda hanya ta lalace, motocin hatsi ba sa zuwa kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis sai cikin ayari, da rakiyar jami'an tsaro. Ofishin da ke shirya rakiyar yana son jerin sunayen direbobi, da lambar mota da lambar waya, kafin sha biyun ranar Laraba. Motar da ba ta cikin jerin, a Kaura za ta kwana da kayanta. Da, takardar tafireta suke karɓa. Yanzu suka ce sai ta kwamfuta, a kuma haɗo da kwafinta a filashi.

Injiniya ya bayyana gaban kwamitin ƙungiya cikin kwat, ana tsakiyar bazara.

"Ciyaman, 'yan kwamiti," ya ce, "duniya ta koma dijital. Ni ba na raina Baba Sha'aibu. Ya yi ƙoƙari a zamaninsa, kamar yadda jaki ya yi ƙoƙari kafin a kawo tirela. Amma abin da yake bugawa cikin awa, ni cikin sakan biyar zan firinta. Ku ba ni sistem, ku ba ni kujera, in ɗora ku a kan taswirar duniya."

Alhaji Wakili, shugaban ƙungiya, mutum ne mai ƙarancin magana wanda ya fara daga karen mota. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To. Mu sayi abin. Wanda duk yaf fidda muna takardar Laraba, kujera tashi ta."

Ranar Litinin aka kawo kwamfuta ta tebur, 'yar gwanjo, da firinta. Aka jona, ta kama, tana aiki lafiya lau. Wannan ya ɓata wa Injiniya rai, domin abin da ke aiki lafiya ba ya nuna gwanintar kowa. Ya zagaya ta sau biyu, ya kaɗa kai, ya sanar cewa dole a yi mata fomatin, a kwashe duk abin da ke cikinta a zuba mata sabuwar babbar manhaja. Ya sa aka ɗora tafiretar Malam Sha'aibu a kan kabad, aka fitar da shi kansa benci a baranda, don kada ƙurar tsohon zamani ta shiga na'ura.

Sannan ya ciro filashi na uku, wanda babbar manhajar ke ciki. Ya saye shi ne a kasuwar Shinkafi, hannun wani mai gyaran waya da ke zuwa daga Maraɗi, wanda ya shirya shi daidai da bukatar mutanen garinsu. Da Injiniya ya jona shi, shafin farko ya fito da layi uku. Na farko ya tambayi harshe, na biyu ya tambayi agogo, na uku ya tambayi tsarin kibod, wato yadda haruffa za su zauna a kan madannai. A gaban layi na ukun an riga an zaɓi na Faransanci. Rubutun manya ne, mutum zai iya karanta shi daga bakin ƙofa. Injiniya ya juya ya fuskanci jama'ar da suka cika taga, ya ɗaga yatsa sama don kowa ya shaida, ya danna gaba.

Can wajen ƙarshe kwamfutar, da yake tana da ladabi, ta sake tambayarsa ko wannan tsarin kibod ɗin shi yake so. Ya danna gaba. Ta tambaya ko a ƙara wani a kai. Ya tsallake. Sau uku ke nan aka nemi shawararsa, sau uku ya amsa ba tare da ya bari tambayar ta ɓata masa lokaci ba.

Da komai ya kammala ya buɗe farin shafi, ya gyara wuyan kwat, ya ce zai fara da sunan gari don albarka. Ya buga da yatsa ɗaya, yana neman kowane harafi. Ya ɗaga kai. A fuskar kwamfutar an rubuta: Kqurq Nq,odq.

Wani ɗan ƙaramin mutum zai yi shiru ya yi tunani. Injiniya ba ƙaramin mutum ba ne. Nan take ya gano bairos ce, cutar kwamfuta. Da ya sake bugawa abin ya fito yadda ya fito da farko, ya gano zafin gari ne, ya sa aka yi wa na'urar fifita. Bayan la'asar ya kai ga gaskiyar magana. Ya lura duk inda ya danna A sai Q ta fito, in ya danna Q sai ga A. Haka W da Z suka yi musanya. M kuwa ta bar gidanta ta koma can gefe, ta bar waƙafi yana gadi. Lambobi suka ƙi fitowa sam, sai wasu ƙugiyoyi da baka-baka, in ba ya danne wani madanni da ɗaya hannun ba.

"Jama'a," ya ce, "kun ga illar kayan waje. Wanda ya haɗa wannan kibod a kamfani barci yake ji. Ya jera haruffa ba a mazauninsu ba. Allah ya sa ta faɗo hannun wanda ya sani."

Malam Sha'aibu ya leƙo daga baranda. "Injiniya, ko in ɗan duba?"

"Baba, wannan ba tafireta ba ce. Ka huta."

Malam Sha'aibu ya koma benci ya huta.

Ranar Talata aka yi tiyata. Injiniya ya aro wuƙa wurin mai tsire, ya shimfiɗa jarida, ya kwantar da kibod. Ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓaro A, ya ɓamɓaro Q, ya musanya musu wuri. Ya yi wa W da Z haka. Ya ɗauke M ya kai ta inda take son zama. Wajen ɓamɓarowa ƙananan haƙoran da ke riƙe madannan suka kakkarye, amma wannan bai dame shi ba, don da ma ya yi niyyar kada wani jahili ya zo daga baya ya lalata aikin. Ya aika aka sayo gam mai ƙarfi, irin wanda ake like takalmi da shi, ya ɗiga wa kowane ɗaya, ya danne, ya ƙirga sittin.

Aiki ya yi kyau, wannan ba a musu. Yanzu in ya danna inda aka rubuta A, A ce ke fitowa. Ya buga sunan gari daidai, ya buga nasa, ya kira mutane suka gani. Ya raɗa wa ƙirƙirar suna Tsarin Mahmuda Na Ɗaya, ya ce zai rubuta wa jami'a. Game da lambobin da ba sa fitowa sai an haɗa da hannu biyu, ya bayyana cewa matakin tsaro ne shi ya saka, don kada kowa da kowa ya riƙa buga lamba.

Ranar Laraba ya zauna a kujerar ƙarfe takwas da minti goma, da jerin motoci arba'in da shida rubuce da biro a gabansa. Salon bugunsa abin kallo ne. Yatsan zai tashi sama, ya yi shawagi a kan kibod kamar shaho a kan 'yan tsaki, ya yi kamar zai sauka, ya fasa, ya sake zagayawa, sannan ya faɗa. Bayan kowane harafi sai ya ɗaga kai ya duba ko ya isa lafiya. In an zo lambar waya, babban yatsan hagu ya danne, na dama ya tafi farauta sau goma sha ɗaya. Tsakanin suna da suna yakan tsaya ya yi wa masu kallo bayani kan makomar fasaha a Afirka.

Ƙarfe sha ɗaya saura minti ashirin yana kan suna na tara.

Halilu, direban da motarsa ke ta talatin da takwas a jerin, ya zuro kai ta taga. "Injiniya, rana na tahiya hwa. Ko in koma gida in aje azumi, in kun kawo kaina a aiko?"

Aka yi dariya. Alhaji Wakili bai yi ba. Ya dubi agogo, ya dubi takardar, ya ce, "Tashi. Malam Sha'aibu, shigo."

Dattijon ya shigo, ya rataye hularsa a ƙusarta. Ya zauna, ya miƙe baya, ya ajiye jerin a hagunsa, ya ɗora yatsu takwas a layin tsakiya yadda aka koya masa shekara hamsin da suka wuce, lokacin da malaminsu ke rufe musu hannu da hankici don kada su leƙa. Ya fara da sunan Halilu, don gwada hannu. Ƙarar ta cika ɗakin kamar ruwan farko a kan kwano. Cikin numfashi biyu ya gama layi, ya ɗaga kai.

An rubuta: Hqlilu Quzqlu Kqturu.

Injiniya ya yi ajiyar zuciya irin ta likitan da ya riga ya faɗa. "Ciyaman, ka gani da idonka. Ban so a kai ga haka ba, saboda furfura. Gudu daban, ilimi daban. Baba yana bugawa ne ba ya kallo, kamar mai tuƙi ido rufe. Kwamfuta tana son wanda ya san ta."

Malam Sha'aibu ya dubi layin ya daɗe. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa miƙa wa ƙungiyar takarda mai gyara ba, ga shi yau a gaban direbobi ya kasa rubuta Halilu. Ya ji matashin kujerar a bayansa, wanda matarsa ta ɗinka, ya fara tunanin ko za a bar shi ya tafi da shi. Sannan ya yi abin da rabonsa da yi tun yana saurayi: ya sunkuyar da kai ya dubi madannan.

A tana sama, a gidan Q. M tana can gefe, tana ƙyallin gam.

"Alhaji," ya ce a hankali, "ba hannuna na ba. Na san wanga jeri. Zamanin gyaɗa an taɓa kai ni Maraɗi in buga takardun kwastan, nit tarad da tafireta mai irin wanga zama. Ta Faransawa ta. Wagga na'ura, ce mata anka yi Faransa take. Sai dai ni ban san inda aka gaya mata ba."

"Baba," Injiniya ya ce cikin haƙuri, "kwamfuta ba ta da ƙasa."

A daidai nan Hajiya Balaraba ta ratso taron. 'Yar Birnin Tsaba ce, ta haura hamsin, tana da motoci biyu cike da wake a tasha tun jiya. Ta shekara ashirin tana fatauci tsakanin Zurmi da Maraɗi, kuma kwamfutar cinyar da take rubuta wa abokan cinikinta da ita can ta saye ta.

"Wai mi aka jira?" ta ce. "Kai, Mamuda ɗan Suwaiba, kai na anka ba aikin?"

"Injiniya Mahmuda, Hajiya. Muna kan wata matsala ce ta fasaha wadda..."

"Gusa."

Ta saka tabarau, ta duƙa, ta dubi kusurwar ƙasa ta dama, kusa da agogo. Akwai wasu ƙananan haruffa uku a wurin: FRA. Tun ranar Litinin suke zaune, kamar baƙon da ba wanda ya yi wa sannu da zuwa. Ta kama maus, ta danna su, ta shiga saiti, ta shiga wurin harshe da kibod. Ta ƙara na Ingilishi, ta cire na Faransanci, ta rufe. Malam Sha'aibu, wanda ba ya barin abu ya wuce bai auna ba, ya ce daƙiƙa arba'in ne.

"Tawa ma haka taz zo," ta ce. "Malam, bisimilla. Wakena na jin rana."

Malam Sha'aibu ya mayar da idonsa kan takardar, bai sake duban madannan ba. Abin da aka like a kansu bai shafe shi ba. Yatsunsa sun san gidan kowane harafi tun kafin a haifi wanda ya yi liƙin. Ya buga sunaye talatin da bakwai cikin minti ashirin da huɗu. Ya koma kan taran Injiniya ya gyara lambobi uku. Sha ɗaya da rabi da minti ɗaya firinta ta turo takarda, aka zuba kwafi a ɗaya daga cikin filashin nan biyu marasa komai, wanda ranar ce ya fara aiki a rayuwarsa.

Mutum mai daraja ba ya barin tarihi ya tafi ba shi. Injiniya ya tare ƙofa.

"Madalla," ya ce. "Da ma na bar wannan saitin ne da gangan, don in gwada ko akwai mai lura a cikinku. Hajiya ta ci jarrabawa. Yanzu saura a sa sunan wanda ya tsara aikin a ƙasan takarda, kamar yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Baba, ɗan matsa."

Ya tsaya a kan kibod, ya ɗaga yatsa. Shaho ya yi shawagi. Ya nemi kowane harafi a inda shi da kansa ya like shi, ya same shi, ya danna da ƙarfin zuciya. Ya ɗaga kai.

An rubuta: Injiniyq :qh;udq.

Ya goge, ya sake. Haka ta fito. Kwamfutar ta dawo gida, madannai biyar kuwa suna can Faransa inda ya kai su. Ya sa farce zai ɓamɓaro A, farcen ya karye. Ya nemi wuƙar mai tsire, ya zura, ya murɗa, kibod ɗin gaba ɗaya ya tashi daga tebur, A ba ta motsa ba. A cikin duk ayyukan Injiniya na wannan mako, gam ɗin ne kaɗai ya yi abin da aka ce zai yi.

"Wai mi yah hwaru?" ya ce, da murya irin ta Sakajiki tsantsa. "Jiya hwa lahiya lau take!"

Halilu ya karɓi takardar ta taga, ya hau babur. Ta isa sha biyu saura minti tara. Ranar Alhamis motoci arba'in da shida suka bi ayari zuwa Shinkafi.

Alhaji Wakili ya sa aka sauko da tafiretar daga kan kabad aka ajiye ta gefen kwamfutar, don Malam ya riƙa ganin ta. Aka yi maganar sayen sabon kibod, Malam Sha'aibu ya ce a bar kuɗin, wannan bai tsare masa komai ba. Haka ofishin ya zama mai kwamfutar da mutum ɗaya tak a tashar ke iya bugawa da ita ba kuskure, shi ne wanda ba ya kallon ta.

Injiniya bai ɗauki wannan zalunci ya yi shiru ba. Ya rubuta takardar koke shafi biyu zuwa ga kwamiti, ya bayyana yadda aka yi wa ƙirƙirarsa zagon ƙasa, ya nuna haɗarin barin na'urar zamani a hannun tsohon da bai san fasaha ba, ya nemi a mayar masa da kujerarsa. Kwamitin ya amsa cewa, bisa shawarar da shi Injiniyan ya ba su, yanzu ba sa karɓar rubutun hannu.

Ranar Asabar da hantsi ya shigo ofis da takardar a ninke, ya yi sallama ƙasa-ƙasa, ya ajiye ta a hagun Malam Sha'aibu. Dattijon ya miƙe baya, ya ɗora yatsu. Ya buga ta duka cikin minti shida, har da wurin da aka kira shi jakin da tirela ta wuce, ba kuskure ko ɗaya. Ya fitar da kwafi biyu, ya daidaita gefensu a kan tebur, ya nuna layin ƙasa, inda sunan mai koke ya fito daidai a karo na farko tun ranar Laraba.

"Sa hannu nan, Injiniya," ya ce, ya miƙa masa biro. "Kak ka ji tsoro. Shi ba ya da saiti."